Raƙumar Maniru

Sufeto Mijinyawa na 'yan dokan En'e ta Sakkwato yana rangadi a Bodinga cikin markar shekarar 1955 sa'ad da labarin ya iso. Ranar Alhamis ce da azahar. Yana zaune a barandar ofishin hakimi yana duba takardun ƙara, sai ga wani dogari daga Shagari a kan keke, wandonsa duk taɓo. Ya sauka ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka shi daɗe, Raƙuma ta kihe. Direbanta ya rasu."

"Raƙumar wa?"

"Raƙumar Maniru, ranka shi daɗe. Motar Alhaji Sodangi."

A ƙasar Bodinga da Shagari babu wanda bai san wannan mota ba. Tsohuwar jif ce ta soja da Alhaji Sodangi, mai fataucin albasa, ya saya a gwanjo. An ɗaga jikinta, an sa mata manyan tayoyi, ta yi tsawo har mutane suka laƙaba mata Raƙuma, suka jingina sunan ga Maniru, makanikin da aka ce shi ya yi aikin. Mako uku da suka wuce ta janyo motar Baturen Gona daga cikin taɓo a gaban jama'a, tun daga ranar kuwa sunan Maniru bai bar bakin mutane ba.

Lorin 'yan doka ta kai Sufeto da mataimakinsa Kofur Isa har Shagari. Daga nan suka ari dawaki, don hanyar dajin da ta ratsa fadama zuwa ƙauyukan Kajiji ba ta biyuwa ga lori a irin wannan lokaci. Suka tarar da motar kwance a kan haƙarƙarinta na hagu a gangaren wani mashigi, buhunan albasa sun watse, wasu sun fashe. Manoman da ke kusa sun tono yashi sun zaro direban, Ɗanladi, sun lulluɓe gawarsa a gindin wata marke.

Kowa a wurin ya riga ya yanke hukunci.

"Tsawonta yak kashe shi," in ji wani dattijo. "Abin da anka ƙera gajere, ɗan Adam yac ce sai ya yi dogo."

Sufeto ya koma baya ya bi sawun tayoyin. An yi ruwa da sassafe, don haka yashin ya riƙe kome. Sawun ya zo a miƙe, babu alamar gudu, babu alamar an taka birki. Gangaren ma ba mai tsanani ba ne, kuma manoman sun ce tun farkon damina motar take bin sa. Amma taku goma kafin inda ta faɗi, tayar baya ta hagu ta nutse ta kwashi yashi, kamar an danne ta daga sama farat ɗaya.

A daidai nan ya tsuguna ya tona da yatsa, ya zaro wani guntun ƙarfe mai huda a kansa. Ya je ya leƙa ƙarƙashin motar. Kowane sifirin, wato ganyayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar, yana rataye ne a jikin wani dogon ƙarfe, ƙirar maƙera, wanda shi ya ɗaga motar sama. Uku daga cikin waɗannan maratayai suna nan, ɗaya ya lanƙwashe amma bai karye ba. Na baya ta hagu kuwa ya tsinke gida biyu, bakin karayar fari fat da tsaki-tsaki kamar gishiri.

Ya naɗe guntun a hankici ya sa a aljihu.

"Ƙirga mini buhunan nan, Kofur."

"Sha shida ne, ranka ya daɗe."

Washegari da safe ya sami Alhaji Sodangi a zaurensa a Bodinga. Mutum ne mai jiki, idanunsa sun yi ja. Bayan ta'aziyya Sufeto ya buɗe littafinsa.

"Buhu nawa aka ɗora mata, Alhaji?"

"Goma. Ba ni wuce goma."

"Sha shida muka ƙirga."

Alhaji ya sunkuyar da kai yana murza carbi. "Albasar ajiya ce, Sufeto, ta soma tsiro. Nic ce shi ƙara shida. Na ji tsoron a ce ni nik kashe shi. Amma wallahi ta sha ɗaukar sha takwas ta hanyan nan, ko gezau."

"Wa ya ba ka shawarar ɗaga ta?"

Alhaji ya ce da ya sayo motar, kullum cikinta na dukan tudun da ke tsakiyar hanya, wanda tayoyin manyan motoci da ruwan sama suka bari. Sai ya kira mutum biyu. Na farko Bawa Fita, wanda ke gyaran mota a Bodinga tun kafin yaƙi. Na biyu Maniru, wanda bai daɗe da dawowa daga makarantar sana'a ta Kaduna da takardar shaida ba.

"Bisa tabarmag ga sunka zauna. Bawa yac ce a ƙara ganyen sifirin ɗai-ɗai, inci biyu ya isa, a bar mata tayoyinta lamba shida. Yac ce mota awa tukunya take, in duwatsun murhu sunka yi tsawo, kihewa za ta yi. Maniru yay yi dariya, yac ce wanga tunanin zamanin jakkai ne. Shi inci biyat zai ɗaga, shi sa mata lamba tara, irin na lorin soja. Saura kaɗan su ba hammata iska. Ni ko nib ba mai takarda aikin."

"Inci biyar aka ɗaga?"

"To, ga abin mamaki. Da anka kawo ta bayan kwana goma, inci ukku anka ɗaga, taya kuma bakwai da rabi. Nic ce ina biyat ɗin? Yac ce ya sake lissahi."

Sufeto ya rubuta wannan, ya ja layi a ƙarƙashinsa.

"Bawa fa, yaya ya ɗauki abin?"

"Tun ranar bai sake taka zauren ga ba. Ko a masallaci, in nit tsaya dama, hagu shika komawa."

Kafin azahar Kofur Isa ya dawo daga Shagari da labari. Wata mai fura ta ce kwana ɗaya kafin hatsarin, Ɗanladi ya ajiye motar a bakin kasuwa ya tafi cin abinci, ta ga Bawa Fita ya waiga dama da hagu ya shige ƙarƙashinta.

Rumfar Bawa tana bakin titin Sakkwato, a gindin wata tsamiya, babu mota ko ɗaya a gabanta sai wani tsohon inji da ya yi tsatsa. Bawa dattijo ne siriri mai furfura a gemu. Bai jira tambaya ba.

"Nic ce musu za ta kihe. Gaban Alhaji nic ce. Allah shi jiƙan Ɗanladi, amma na hwaɗi." Duk da addu'ar, bai iya ɓoye wani ɗan haske da ke idonsa ba.

"Yaushe rabonka da motar?"

"Ni? Ko inuwarta ban taɓa shiga ba."

"Ranar Laraba a bakin kasuwar Shagari, me ka shiga nema a ƙarƙashinta?"

Bawa ya sa hannu a aljihu ya fito da wata igiya mai ƙulli-ƙulli, ya ajiye a kan benci.

"Awo niy yi, Sufeto. Shekara ashirin da biyu ina kwance ƙarƙashin motoci. Yanzu direbobi na wuce ni su ɗaga hannu, su tahi wurin ɗan jiya. Nis so in san yadda anka yi ta, kunya ta hana ni tambaya. Barci ma ba ni yi don motag ga." Ya shafa ƙulle-ƙullen da babban yatsa. "Kuma abin da yaf fi ƙona mini rai, aikin ya yi. Inci ukku cif ta kowace kusurwa. Wanda yay yi awon ga ya san hanya, ba takarda ba."

Sufeto ya kwance hankicinsa ya miƙa masa guntun ƙarfen. Bawa ya juya shi a haske, fuskarsa ta sauya. Ya ɗauko magagari ya goga, magagarin ya zame bai ci ko ɗis ba.

"Na baya ta hagu ne ko?"

"Yaya ka sani?"

"Ranar nan na lura da shi. Sauran ukkun sun yi jar ƙasa sun soma tsatsa, shi ko sabo, baƙi wuluk. Na zaci gyara anka yi." Ya ajiye guntun a hankali. "Sauran ƙarhe ne mai laushi, in ya sha wuya lanƙwasa shikai. Wanga tsohon ganyen sifirin ne anka gasa har yay yi ja, anka tsoma cikin ruwan sanyi. Mai ƙera wuƙa in ya yi haka, sai ya maida ita wuta ta sassauta. Wanga ba a maida shi ba. Ya zama awa tangaran, ranar da yas sha bugu mai ƙarhi zai tsinke. Kuskure ba shi kai nan, Sufeto."

"Kai za ka iya yin irinsa?"

Bawa ya miƙa hannuwansa biyu. "Duba ko za ka ga ƙunar wuta. Ni fita ne, mai gyaran inji, sifana nis sani. Wanga aikin maƙeri ne."

Garejin Maniru yana bayan kasuwar Bodinga. A ƙofa an kafa allo da sabon fenti, an rubuta MANIRU, MAKANIKI MAI TAKARDA. Maniru ya fito da kansa, saurayi ne da bai wuce ashirin da shida ba, cikin sabon kaki mai karin guga, da agogo a hannu. Daga bayan wata zana ana jin bugun masaba. Nan yayansa Na'Allah yake ƙera garemani da fartanyu, a maƙerar da suka gada daga ubansu.

Maniru ya nuna wa Sufeto wata takarda daga Baturen Gona. An shirya gwada motar, in gwajin ya yi kyau za a ɗauke shi babban makaniki a wurin gyaran motocin En'e a Sakkwato, ya ɗaga duk motocin rangadi. Kakin kuwa ya riga ya ɗinka tun aikin bai tabbata ba.

Sufeto ya dubi karin gugar wandon, ya tuna abin da ya taɓa faruwa da shi. Shekara biyu da suka wuce ya yi kwana arba'in yana bin sawun ɓarayin shanu har kan iyakar Faransi. Wani ƙaramin ma'aikaci da ya iya Turanci ya rubuta rahoton, aka ba shi girma, yau Mijinyawa ne ke sara masa, kuma duk sarawar da zai yi sai ya ji ɗacinta a harshe. Ya kama kansa yana fatan a ce Maniru ne mai laifin. Ya gargaɗi zuciyarsa, ya buɗe littafi.

"Kai ka yi aikin motar nan duka?"

"Ni na yi, Sufeto, daga awo har ƙira."

"Ka ce wa Alhaji inci biyar, ka yi uku. Don me?"

"Lissafi ne, irin na makaranta."

"Yi mini shi in gani. Ga takarda."

Maniru ya karɓi fensir ya juya shi a hannu. Ya yi maganar nauyi da ma'auni, ya haɗa da kalmomin Turanci biyu uku, amma bai rubuta kome ba.

"To bar wannan. Me ya sa ka sa taya bakwai da rabi, ba lamba tara ba?"

"Ai... lamba tara ce ba a samu a kanti ba."

Bugun masabar ya tsaya cak.

"Akwai lamba tara. Huɗu na nan jingine a kantin Sakkwato har gobe."

Mai maganar ya fito daga bayan zana da awartaki a hannu. Ya kai shekara arba'in, gajere mai faɗin kafaɗa, damatsansa duk tabon tartsatsi. Ya gai da Sufeto a taƙaice, bai dubi ƙanensa ba.

"Ranka shi daɗe, abin da ka dukan tudu ba jikin mota ba ne. Tulun ƙarhen nan ne da ke tsakanin ƙahwahun baya. Ko inci goma kaɗ ɗaga sifirin, tulun na nan inda shike. Taya kaɗai ka ɗaga shi. Na taka hanyag ga da ƙahwata daga Shagari har Kajiji, kwana biyu, da sanda ina awo. Tudun da yaf fi tsawo inci tara ne. Da lamba shida tulun na inci takwas daga ƙasa, shi ya sa take zama. Bakwai da rabi ta kai shi kusan goma, ya wuce ke nan. Lamba tara ta hi ƙarhin injin, hawa kaɗan za ta shaƙe shi. Inci ukkun kuwa don tayar ta samu wurin rawa ne kada ta gogi jiki. Ko inci ɗaya anka ƙara bisa haka, an sayo kihewa."

Ya faɗi wannan duka da numfashi ɗaya, kamar maganar da ta daɗe tana cin sa.

Maniru ya yi ɗan murmushin yaƙe. "Yaya ya taimaka da ƙira, gaskiya ne."

Na'Allah ya dube shi a karo na farko. Sufeto ya ga kallon, ya kuma gane shi, don ya sha yin irinsa a bakin ƙofar wani ofis a Sakkwato.

"Malam Na'Allah, yaushe rabonka da motar?"

"Tun da tab bar nan ban taɓa ta ba. Mi ya haɗa ni da ita? Raƙumar Maniru ce."

"Kai fa, Maniru? An sake mata wani ƙarfe a makon nan?"

"Ban sani ba. Litinin ina Sakkwato wurin tela, sai Talata na dawo."

Sufeto ya rufe littafi ya yi sallama. Bai nuna musu guntun ƙarfen ba.

Ranar Asabar da safe ya tafi gidan mamacin. Matar Ɗanladi, Atika, tana cikin takaba, don haka ta zauna a bayan asabari a ƙofar zaure, kawun mijinta yana zaune tare da Sufeto. Muryarta ta dishe.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah, tambaya biyu ce ko uku. A makon nan maigidanki ya kai motar gyara?"

"Litinin yak kai ta a sa mata giris. Yad dawo shina murna, yac ce Na'Allah ya ga wani ƙarhe ya tsage, ya sake mashi sabo, ko ahu bai karɓa ba."

"Na'Allah ya ce, ko Maniru?"

"Na'Allah. Ai amininai ne, tare anka yi musu kaciya."

"Tafiyar ranar Alhamis fa, dama an shirya ta?"

"A'a. Ranar nan gwaji za a yi. Maniru zai tuƙa motar babu kaya, Bature na biye, su bi hanyar fadama. Maigida rakiya kawai zai yi. Laraba da la'asar anka aiko Bature na zazzaɓi, an ɗaga. Shi ne Alhaji yac ce tun da motar na zaune, a ɗauko albasa."

Ana jin tana share hanci. Sufeto ya soma tattara littafinsa, sai ta ci gaba ba tare da an tambaye ta ba.

"Bai ji daɗin ɗagawar ba. Ya daɗe shina hwaɗa da mutane a kasuwa kan sunan motag ga. Kullum shina cewa haƙƙin Na'Allah anka ci. Yac ce mini ranar gwaji, in sunka tsaya a mashigi, zai sa tahinta shi gaya ma Bature wanda yat taka hanya da sanda. Ko Alhaji zai kore shi, sai ya hwaɗi. Bai gaya ma Na'Allah ba, wai so shikai shi ji daga bakin Bature."

Sufeto ya yi wa mamacin addu'a ya fita.

Da la'asar suka koma maƙera, shi da Kofur Isa da ɗan doka ɗaya. Na'Allah yana gaban wuta, Maniru yana zaune a kan wata taya a ƙofa. Sufeto ya sa Kofur ya bincika wurin. Ya tona tarin tsofaffin ƙarafa bai sami kome ba. Ya zazzage buhun gawayi, sai ga wani dogon ƙarfe mai huda biyu ya faɗo, jar ƙasa a jikinsa.

Sufeto ya ɗauka ya duba ciki da baya, ya miƙa wa Maniru.

"Ka ga tsaga a jikinsa?"

"Babu, Sufeto. Lafiyarsa lau. Wannan ai na Raƙuma ne, me ya kawo shi nan?"

Sufeto ya karɓa ya ɗora shi a kan uwar maƙera. Ya kwance hankicinsa ya ajiye guntun da ya tsinta a yashi kusa da shi.

"Malam Na'Allah, ɗauki masabarka ka bugi kowanne sau ɗaya."

Na'Allah ya dubi ƙarafan biyu. Ya ɗauki masaba ya bugi dogon, ƙarfen ya yi ƙara ya ɗan lotsa. Ya ɗaga masabar a kan guntun, hannunsa ya tsaya a sama. Ya sauke ta a hankali ya ajiye a ƙasa.

"Ba sai na buga ba. Tarwatsewa zai yi. Ni nit tsoma shi a ruwa."

Maniru ya miƙe tsaye. Kofur ya riƙe masa kafaɗa ya zaunar da shi.

"Faɗa mini yadda aka yi," in ji Sufeto.

Na'Allah ya zauna a kan kututturen da yake aiki. Da ya soma magana, wutar yake kallo.

"Ban nuhi ran kowa ba, Allah shaidata ne. Maniru zai tuƙa, babu kaya, a hankali, gaban Bature. In sunka kai ramukkan mashigi ƙarhen shi karye, mota ta zauna ta gehe ɗaya. Bature shi ce gyara mu gani. Shi tsaya da takardatai bai san inda zai kama ba. Sannan a aiko a kira ni. Iyakar abin da nis so ke nan, a aiko a kira ni."

"Don aikin Sakkwato?"

"Mi zan yi da aikin Sakkwato? Ko sunana ban iya rubutawa. Shekara ukku shina Kaduna, ni ka ƙera garemani ina ciyar da gida, ban taɓa jin ciwo ba. Ranar da motar taj janyo ta Bature, Bature yaz zo nan da kansa. Ina tsaye inda kake tsaye, da awartaki a hannu. Yat tambaya wa yay yi wanga aiki. Maniru yac ce, 'Ni ne.' Sannan yaj juyo yac ce mini, 'Yaya, kawo wa Bature kujera.' Na ko kawo."

Sufeto yana da sauran tambaya.

"Ka ji an ɗaga gwajin?"

"Na ji, Laraba da la'asar."

"Ka ji Ɗanladi zai tafi ɗaukar kaya?"

"Na ji."

"Me ya hana ka tsai da shi?"

Nan ne muryar Na'Allah ta karye. "Nic ce da sahe in kira shi in maida tsohon. Ga shi nan, don haka nib bar shi cikin gawayi. Amma in nik kira shi sai ya tambayi dalili, ni ko nic ce mashi tsohon ya tsage. Niz zauna nan ina neman ƙaryar da zan yi. Ina cikin nema yaz zo yaw wuce ta ƙohwag ga. Yay yi mini ham, yaɗ ɗaga hannu. Ni ma niɗ ɗaga mashi. Nic ce a raina, ya kwana ukku bai karye ba, wataƙila yau ma ba shi karyewa."

Maniru ya rufe fuska da tafin hannu. "Yaya, da ka faɗa mini abin yana cin ka."

"Kana wurin, Maniru. Mi zan hwaɗa maka wanda ba ka sani ba?"

Ya juya ga Sufeto. "Wa yag gaya maka ni nis sake ƙarhen? Atika?"

"Ita ce."

"Ta san ni ne sanadi?"

"Ba ta sani ba tukuna. Tana ganin alheri ka yi masa."

Sufeto ya so ya tsaya a nan. Amma maganar tana cikin littafinsa, kuma ya san za a karanta ta a gaban alƙali, cikin taron jama'a. Ya ga gara mutumin ya ji ta a maƙerarsa.

"Akwai abin da ta ƙara. Ɗanladi ya yi niyyar ranar gwaji ya gaya wa Bature ta bakin tafinta cewa kai ka auna hanya, kai ka zaɓi taya, kai ka ƙera. Ya ce ko za a kore shi sai ya faɗa. Ya ɓoye maka ne don ka ji daga bakin Bature."

Na'Allah bai motsa ba. Ya zauna haka har gawayin da ke murhu ya soma yin fari. Daga nan ya miƙe, ya ɗebo ruwa a ƙwarya ya yayyafa wa wutar har ta mutu, ya rataye awartaki a mazauninsa. Akwai wata garma da ya gama, ya jingina ta a bakin ƙofa.

"Ta Sarkin Noma ce, gobe zai aiko," ya ce wa ƙanensa. Sannan ya miƙa hannuwansa biyu.

Kofur Isa ya sa masa ankwa. Suka fito ta bayan kasuwa, mutane suna tasowa daga rumfuna suna tambayar juna abin da maƙerin ya yi. Maniru ya ruga cikin gida ya ɗauko masa riga da buta, ya biyo su a guje har inda lorin 'yan doka take tsaye, yana kiran "Yaya, Yaya." Na'Allah ya taka ya hau bai waiga ba. Sufeto ne ya karɓi rigar da butar, ya ajiye su kusa da shi, ya zagaya ya shiga gaba ya ce wa direba su kama hanyar Sakkwato.